Ni da ɗan yayata da kwamfutar da muka haɗa a Vittin

Tun da maƙwabta suka ga ana shigo da kwalaye gidanmu a nan Vittin, labari kuma ya bazu cewa Masta ya kwashe kuɗin adashinsa ya sayi na'urar gem, ban huta da tambaya ba. Wani dattijo da muke sahu ɗaya ya tare ni bayan Isha'i, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kai da muke kawo wa ƙarar yara, kai ne kuma za ka buɗe musu gem senta a falo?" Na yi dariya na ce, "Baba, ba haka ba ne." Amma a tsaye a bakin masallaci ban iya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba, ni kaina ma ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani daga farko, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba a zangonninmu.

Yaron da na yi abin dominsa ɗan yayata ne, shekarunsa 14, yana aji biyu na JHS. Shekara biyu ke nan da auren iyayensa ya mutu. Uban ya koma Kumasi, ita kuma Yaya tana fatauci tsakanin Tamale da kasuwar Techiman, kwana uku tana gida, kwana huɗu tana hanya. Dangi suka ce ya dawo hannuna tun da ni malami ne, kamar dai takardar kwalejin horon malamai tana zuwa da maganin yaron da zuciyarsa ta ɓaci. Ba shi da rashin kunya, ba ya sata, amma shiru ya yi masa yawa. Daga baya sai ya fara daɗewa a waje. Wata Laraba na bi sawunsa a kan babur, na same shi a wani ɗaki a bayan shagunan kwantena, yara sun fi goma sun kewaye talabijin biyu, ana buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne samarin da ke tsaye a baya, kowa da wayarsa, suna sa kuɗi a kan wane yaro ne zai ci, suna kuma duba sakamakon cacar ƙwallon Turai a lokaci guda. Yarona yana zaune a tsakiyarsu yana koyon yarensu.

A nan ne nake son mu rarrabe abu biyu da iyayenmu suke haɗawa a kwando ɗaya. Caca caca ce, hukuncinta a bayyane yake a Suratul Ma'ida, babu malamin da ya yi saɓani a kai, kuma dokar ƙasa ma, wato dokar wasannin caca ta 2006, ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga cikinta. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a caca a Agustan 2023, sabuwar gwamnati ta cire shi a Afrilun 2025, kuma a tsawon gardamar da aka yi ta yi a rediyo, kusan kowa maganar aljihun masu caca yake yi, ba maganar ƙannensu da ke leƙen kafaɗarsu ba. Shi kuwa wasan kwamfuta wasa ne, kamar dara, kamar langa, kamar ludo da mata ke yi a tsakar gida. Yana iya zama ɓata lokaci, yana iya zama hutu. Matsalar ita ce a garinmu wurin da yaro zai sami wasan shi ne wurin da zai sami cacar. Ƙofa ɗaya suke shiga.

Na yi faɗa, na yi nasiha, na karɓe tsohuwar wayar da uwarsa ta ba shi na kulle a durowa. Sati biyu ya yi yana dawowa da wuri yana zama a tabarma yana kallon bango. Ran nan na ce masa, "Kai, wai me ke damunka ne?" Ya ce, "Kawu, a gida me zan yi?" Wallahi ban sami abin cewa ba. Littattafan da ke gidan na shirin darasi ne da na addini, ƙannensa 'ya'yana ƙanana ne, ni kuma in na dawo daga makaranta sai makin takardu. Mun hana shi abu, ba mu ba shi komai a madadinsa ba. Haka akasarinmu muke yi, sannan mu yi mamaki in yaro ya koma inda ya fito.

Ina da laftof ɗin da aka raba wa malamai a shirin 2021, wanda gwamnati ta biya kashi 70 mu muka biya 30. Don rubuta darasi da haɗa sakamakon jarrabawa aka yi shi, kuma yana yin wannan. Ba na wasa ba ne. Na fara tunanin sayen PlayStation na hannu, sai na tuna cewa ita wasa kawai take yi, kuma a rufe take, ba abin da yaro zai gani a cikinta. Kwamfutar tebur kuwa ana buɗe ta, ana cire wannan a sa wancan, da rana ta yi aikin makaranta, ran Asabar ta yi wasa. Sai na ce masa, in ya yarda ya bar wancan ɗakin, za mu haɗa kwamfuta ni da shi, da hannunmu, guntu-guntu. Ya dube ni kamar na ce za mu ƙera jirgin sama.

Wata bakwai muka yi muna tarawa. Ba zan ɓoye ba, kuɗin ya haura albashina na wata biyu, kuma uwargida ta yi mini tambayar da ta dace, cewa firij ɗinmu da ke kuka da dare fa? Abin da ya taimaka shi ne sidi ya yi ƙarfi a 2025, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa wajen 10 da 'yan kai a tsakiyar shekara, kuma duk kayan kwamfuta da dala ake auna su. Wanda ya tuna 2022, lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari a Disamba, ya san da a lokacin ne ko mafarkin abin ba zan yi ba. Na kuma yi sa'a na sayi ram kafin ƙarshen shekara, don daga baya farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe shi. Wasu kayan na same su a shagunan cikin gari, wasu kuma sai da aka auno mini daga babban birninmu Ankara ta motar dare, na je tasha da asuba na karɓa.

Ga wanda yake son gwadawa, kwamfuta ba ta wuce abu bakwai ba. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda ake ce wa furosesa. Akwai babban faranti da komai ke hawa kansa. Akwai ram, wato teburin aikin na'ura, inda take baza abin da take yi a yanzu. Akwai ma'ajiya ta SSD, akwai akwatin wuta da ke karɓar lantarkin bango ya rarraba shi daidai ƙarfin kowane sashe, akwai gidan da za a zuba su duka, sai katin hoto. Wannan na ƙarshe shi ne mai cin kuɗi, wani lokaci shi kaɗai ya kai rabin kuɗin kwamfutar. Ni na tsallake shi. Na sayi furosesa Ryzen 5 5600G, wadda ta fito kasuwa a 2021, mai ƙwayoyi shida, wadda ke da nata sashen hoto a ciki, ba ta kuma cin wuta sosai, wat 65 aka rubuta mata. Mai mitar kati ya san darajar wannan. Irin wannan furosesa daga ram take aron wurin aikin hoto, don haka sanda biyu na giga takwas-takwas sun fi sanda ɗaya ta giga 16 sauri, ko da yake jimilla ɗaya ce. Hanya biyu ta fi hanya ɗaya ɗaukar motoci, haka na bayyana wa yaron, kuma nan take ya gane.

Bari in ɗan ratse, don na san da yawa za su ce ai sai a sayi na hannu da ake shigowa da su daga Turai, ya fi araha. Gaskiya ne, kuma tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya ba abin rainawa ba ce. Amma a yi hattara. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, shi kuma Windows 11 a hukumance ba ya hawa furosesar Intel da ta girmi zubi na takwas. Ma'ana ofisoshin Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin na'urorinsu, kuma mun san tashar da irin waɗannan kaya ke sauka. An rushe Agbogbloshie a 2021, amma ba a rushe hanyar da ke kawo tarkacen ba. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kunna ta, ka karanta lambar furosesa da idonka.

Ranar da muka haɗa ta Asabar ce, cikin hunturu. Wanda bai zauna a arewa ba ba zai gane dalilin da ya sa wannan ya zama abin lura ba. Iskar hunturu a bushe take ƙayau, irin wadda in ka cire riga da dare za ka ji tana ƙara tana tartsatsi. Wannan ɗan tartsatsin da ba ya yi wa mutum komai yana iya kashe guntun kwamfuta. Muka naɗe kafet, muka tsaya a kan siminti ba takalmi, kowa ya taɓa ƙarfen gidan kwamfutar kafin ya ɗauki wani abu. Na ba shi furosesar ya riƙe ta gefe-gefe. Ya juya ta, ya ga 'yan ƙafafu na zinariya kamar gashin buroshi, 1,331 ne, in ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku. Na nuna masa ɗan kusurwar zinariya da ke gefe ɗaya, na ce ya daidaita ta da alamar da ke kan faranti, kada ya danna, ya sake ta kawai. Ta faɗa gurbinta da kanta. Numfashin da ya sauke a lokacin, har uwargida ta ji daga kicin.

Awa huɗu muka yi. Sukudireba ɗaya ce a gidan, muna karɓa-karɓa. Wayoyin maɓallin kunnawa, waɗannan 'yan sirara da ake sokawa a ƙasan faranti, idona ya kasa karanta rubutunsu, shi ya soka su. Da muka gama na ce bismillah na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, haka. Zufa ta karyo mini duk da sanyin hunturu, ina lissafin wata bakwai na adashi da abin da zan ce wa uwargida game da firij. Ina ta laluben waya ina neman wanda zan kira, sai yaron ya ce, "Kawu, wannan sandar ba ta yi ƙara irin ta ɗayar ba da ka sa ta." Ya zare wuta, ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna ram ɗin, muka ji ƙas. Muka kunna, rubutu ya fito. Ni da na yi shekara uku a kwaleji, na kuma shekara goma ina koyarwa, yaro ɗan aji biyu ne ya gano kuskurena, kuma da kunne ya gano shi.

Ku tuna da Richard Appiah Akoto, malamin makarantar Betenase da ke Sekyedomase, wanda hotonsa ya zagaya duniya a Fabrairun 2018 yana zana shafin Microsoft Word da alli mai launi a kan allo domin ɗalibansa ba su da kwamfuta. Duniya ta yaba masa, kuma ya cancanta. Amma mu malamai da muka ga hoton ba mamaki muka yi ba, kanmu muka gani. Sabuwar manhaja ta 2019 ta sa darasin kwamfuta tun daga aji huɗu na firamare, ana kuma rubuta shi a BECE. Yara nawa ne a makarantun gwamnati na gefen Tamale suka haddace cewa ram ma'ajiya ce ta wucin gadi, suka rubuta suka ci maki, ba su taɓa riƙe shi a hannu ba? Yarona ya haddace wannan jimla tun bara. Sai ranar Asabar ɗin nan ya san me take nufi.

To, sai wasan. Na daɗe ina bincike kafin in zaɓa, don ba na son na harbe-harbe, ba na son ƙwallon da ya baro, ba na kuma son irin waɗanda ke sayar wa yaro akwatin sa'a, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Wannan ƙanwar caca ce, har ƙasar Beljiyam ta haramta ta a 2018. Na tsaya a kan wani mai suna It Takes Two, na kamfanin Hazelight da ke Suwidin, wanda ya fito a Maris 2021 ya kuma ci kyautar gwarzon wasan shekarar. Mai kamfanin, Josef Fares, a Beirut aka haife shi, iyayensa suka gudu da shi Suwidin yana ɗan shekara goma saboda yaƙin basasar Labanan, kuma fim ya fara yi kafin ya koma wasanni. Abin da ya ja ni shi ne wasan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Babu wannan zaɓin ma sam. Dole mutum biyu, allo a rabe biyu, kowa da ɓangarensa. Na ce to, ga wasan da yaro ba zai kulle ɗaki ya yi shi kaɗai ba. Girmansa ya kusa giga 50, sai da muka yi dare huɗu muna sauke shi da bandil ɗin tsakar dare, an kuma ɗauke wuta sau ɗaya a tsakiya. Mun rage kyan hoton kaɗan saboda ba mu da katin hoto, yana tafiya sumul.

Laifina ɗaya, kuma babba ne: na karanta yadda ake wasan, ban karanta labarinsa da kyau ba. Muna zaune, kowa da fad a hannu, sai ga mata da miji, May da Cody, suna gaya wa 'yarsu Rose cewa za su rabu. Yarinyar ta ɗauki 'yan tsana biyu da ta yi da kamanninsu, ɗaya na katako ɗaya na yumɓu, ta shiga rumfar ajiye kaya tana kuka, hawayenta ya zuba a kansu, iyayen suka farka a cikin jikin 'yan tsanan. Na saci kallon yaron. Idonsa na kan allo, bai motsa ba. Na ce, "Ko mu canza wani?" Ya ce, "A'a Kawu, mu ci gaba." Ya zaɓi uban, ya bar mini uwar.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. An ba ni kan guduma, shi an ba shi ƙusoshi. Shi zai jefa ƙusa ta kafe a bango, ni in maƙala guduma in yi lilo in tsallake, in buga wani abu da zai buɗe masa hanya. In ya yi jinkiri na faɗi, in na yi gaggawa ya makale. A babi na gaba, cikin bishiya inda kurege ke yaƙi da zanzaro, shi yana fesa ƙaro, ni ina harba ashana in kunna shi. Kayan kowa ba shi da amfani sai da na ɗan'uwansa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to waɗannan mutane sun ɗauki wannan magana sun gina wasa sukutum a kanta. Kuma ba ya barin ka ka saba da abu, da ka fara ƙwarewa sai a karɓe a ba ka wani sabo. Ni ne mai faɗuwa. Yatsuna sun saba da alli, ba su saba da fad ba. Na mutu a gaban wata tsohuwar na'urar share ƙura ya fi sau goma sha biyar, yaron yana cewa, "Kawu, tsalle biyu! Biyu na ce!" Yaron da sai a yi yini ba a ji muryarsa ba, ga shi yana ba ni umarni yana dariya har da riƙe ciki. A cikin awa biyu ya yi mini maganar da bai yi ba a wata biyu.

A aji muna ta fama da abin da ake kira aikin rukuni. Ka raba yara biyar-biyar, mai ƙoƙari ɗaya ya yi aikin, huɗu su rubuta sunansu. Dalili shi ne aikin da muke ba su mutum ɗaya zai iya gamawa. Masu wannan wasa sun gane abin da littattafan koyarwa suka daɗe suna faɗa muna kasa aikatawa: in kana son mutane su haɗa kai, ka raba musu kayan aiki yadda babu mai iya gamawa shi kaɗai. Makon da ya wuce na gwada a darasin lissafi, na ba ɗaya ma'auni, ɗaya tambaya, ɗaya alƙalami, na hana su musanya. Ajin ya yi hayaniya, amma hayaniyar aiki ce.

Kada a ce na zo tallar kaya. Akwai abubuwan da ban so ba. Akwai wani littafi mai magana, wai shi Dakta Hakim, mai sasanta ma'aurata, mai rawar jiki da barkwancin da wani lokaci ya wuce abin da zan so yaro ya ji. An sa wa wasan alamar shekara 12 zuwa sama a Turai, kuma ni ba zan ba ɗan firamare ba. Akwai kiɗa daga farko har ƙarshe, wanda yake da ra'ayi a kan haka yana iya kashe shi a saiti, ya bar muryoyi. Mafi muni shi ne wurin da muka tsaya a makon jiya. Iyayen nan biyu sun yanke shawarar cewa sai 'yarsu ta sake yin kuka za su koma jikinsu, don haka suka je su lalata 'yar giwar wasanta da ta fi so. Giwar tana roƙonsu, suna jan ta, kunne ya cire, ƙafa ta cire, kuma kai mai fad kai ne ke jan. Masu wasan sun ɗauke shi barkwanci mai ɗaci. Mu bai ba mu dariya ba. Yaron ya ajiye fad ya ce, "Su kansu kawai suke tunani." Ban tambaye shi su wa yake nufi ba. Muka kashe, muka fita waje muka zauna a benci, ya yi mini maganar ubansa, karo na farko tun da ya zo gidan. Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba.

Ina kuma da ja da ainihin saƙon labarin, in dai inda ya dosa ke nan, cewa aure yana gyaruwa in mata da miji sun tuna abin da ya haɗa su. Wani auren haka ne. Wani kuwa rabuwa ce rahama, addininmu bai rufe wannan ƙofa ba, ya dai sa a fara da sulhu, wakili daga dangin miji, wakili daga dangin mata. Abin tsoro shi ne yaro irin nawa ya fita da tunanin cewa da ya yi wani abu da iyayensa ba su rabu ba. Na gaya masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne, ba kuma aikinsa ba ne ya gyara. Da a gem senta ya ci karo da wannan labari, ko shi kaɗai a waya cikin bargo, wa zai gaya masa?

Wannan ce amsata ga Baba na masallaci. Tsoronsa gaskiya ne, ba na raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa kamuwa da wasan kwamfuta cuta ce, idan ya kai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran rayuwarsa, abin ya ɗauki kamar shekara yana cutar da shi. Ƙasar Sin ta kai ga taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako a 2021. Mu ba mu da gwamnatin da za ta shigo falo ta kashe mana na'ura, kuma ba na fatan mu samu. Abin da muke da shi shi ne babba a cikin ɗaki. Kwamfutar tana falo, allonta na kallon ƙofa. Lambar buɗewa tana hannuna. Ana wasa Asabar da Lahadi bayan La'asar, in an gama aikin makaranta da na allo, kuma da ladan ya ɗaga murya ake ajiye fad ko ana tsakiyar faɗa da dodo. Ranar farko ya ce, "Kawu, saura kaɗan." Na ce ai wasan yana ajiye inda aka tsaya, Magariba ce ba ta jira. Ni ma sai da na yi wa kaina wannan faɗan, don ba shi kaɗai ne ya so a ƙarasa ba. Mun kuma san a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma tsaya mata ta kalli Habashawa suna wasan masu. Babban mutum ya yi wasa da iyalinsa ba zubar da girma ba ne.

Na san ba kowane gida ne zai iya abin da na yi ba, kuma zai zama rashin kunya in ce wa mai sayar da koko a Aboabo ta tara albashin wata biyu ta sayi furosesa. Amma makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasan zango da ke tara kuɗi su yi rigunan Sallah iri ɗaya, ko su ɗauko mai kiɗa ran biki, za su iya haɗa kwamfuta biyu su ajiye a ɗaki ɗaya, da babba mai lura, yara su haɗa su da hannunsu, su kuma riƙa buɗewa suna share ƙurar hunturu duk wata. Ana yin wasannin nan a ƙasar nan ma. Eyram Tawia ya kafa Leti Arts tun 2009 tare da abokinsa Wesley Kirinya ɗan Kenya, suna gina wasanni a kan tatsuniyoyin Afirka. Ban ga abin da zai hana wata rana a sami wasan Gizo da Ƙoƙi daga hannun ɗan zango ba, amma ba zai fito daga yaron da bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba.

Yaya ta dawo daga Techiman ran Alhamis, ta tsaya a ƙofar falo tana kallon akwatin, ta ce, "Wannan ne abin da ya cinye firij ɗin?" Kafin in buɗe baki ɗanta ya riga ya kwance murfin gefe yana nuna mata ram, yana gaya mata wanda Kawu ya kasa sawa daidai. Ran Talata zan ɗaure ta a bayan babur in kai makaranta, na riga na nemi izinin shugaba, kuma shi ne zai buɗe ta a gaban 'yan ajinsu, ni ina gefe da sukudireba. Firij kuma mun ce sai adashi na gaba.